Ranar da Aka Aike Ni Binciken Asalin Bajamushiya

Shekarun baya da yawa, a wata damina da ruwa ya yi ta zuba har katangu suka riƙa faɗuwa a unguwarmu ta Ƙofar Kibo, aka ba ni wani aike da har yau ban manta da shi ba. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Lokacin ne kaya suka yi tashin da ba su sake saukowa ba. Sabulu da madara sai an yi layi, mu matan gida kuwa muna rage mai a miya ba tare da mun faɗa wa kowa ba. Ni ga nawa daban a zuci: ɗana na fari yana Jamus shekara ta biyar, gwamnati ta tura shi karatun injiniya.

Ku yi mini haƙuri, ba zan faɗi sunansa ba. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiransa da baki ba, ba kuma zan fara da biro ba.

Shi ne ma dalilin shigata ajin yaƙi da jahilci. Da ya tafi, in wasiƙarsa ta zo sai in ba ƙannensa su karanta mini, su kuwa su tsallake inda suka ga dama suna ƙyalƙyala dariya. Sai na roƙi Malam, maigidana, ya bar ni in riƙa zuwa ajin matan aure da ake yi da la'asar a wani gida a bayanmu. Wata Malama ce daga Wusasa take koyar da mu, Kirista ce, mai haƙurin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ni kaɗai na cinye mata alli ya fi kwali guda. Da na iya haɗa baƙi, sai yaron ya koma sako wasiƙa biyu a ambulan ɗaya. Ta Malam da ajami, gaisuwa ce da neman addu'a. Tawa da boko, manyan haruffa kamar na allon ɗan aji ɗaya, a nan yake faɗar abin da ke ransa.

A waccan daminar wasiƙata ta zo da hoto a ciki. Yarinya ce doguwa, ta ɗaura ɗankwali a karkace kamar wadda aka koya wa jiya. Ya ce yana son ya aure ta. Ya ce wani kamfani a can ya ba shi aiki, sun ce ya ba su amsa kafin ƙarshen karatunsa, saura wata biyu da 'yan kwanaki. Sai ya rubuta abin da na karanta ya fi sau ashirin: "Inna, in Malam bai yarda ba, ba zan saɓa masa ba. Amma ban san yadda zan dawo in zauna a gida kamar ba abin da ya faru ba. Wataƙila sai in karɓi aikin." Bai yi barazana ba, ba halinsa ba ne. Ni dai na san abin da ake nufi da mutum ya karɓi aiki a ƙasar da wasiƙa take yin sati uku kafin ta iso.

Kwana uku ina juya maganar kafin na kai wa Malam. Ya riƙe hoton nesa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Addininta?"

Na ce, "Ya ce ta musulunta tun kafin su san juna, a hannun wasu Turkawa maƙwabtansu."

"Sana'arta?"

"Aikin jinya take yi."

"Ubanta fa?"

"Ma'aikacin jirgin ƙasa ne."

Ya ajiye hoton a kan buzu. "Ban tambaye ki inda yake karɓar albashi ba. Su wane ne? Mene ne asalinsu?"

Na san za a zo nan. A gidan su Malam ba a kai gaisuwar aure sai an yi bincike. Tsofaffin mata biyu ake aikawa unguwar su yarinya, su shiga maƙwabta kamar sun zo sayen zare ko daddawa, su zauna su sha ruwa, hira ta kawo hira. Su dawo da labarin ko akwai taɓin hankali a dangin, ko kuturta, ko hannu mai ɗauke-ɗauke. Sannan babbar tambaya, sana'ar gado. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, ba sa aure da mahauta, ko maroƙa, ko wanzamai. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma kowa ya sani. Ɗan ƙanen Malam ya taɓa ganin 'yar wani wanzami a Ƙofar Jatau ya ce sai ita. Malam ne ya tsaya a kan ba za a je nema ba. Yaron ya tattara ya koma Jos ya aure ta can, lokacin shekara bakwai ke nan bai taka zaurenmu ba.

Na ce, "To Malam, wa za mu aika Jamus?"

Ya ce, "Ke."

Na ɗauka wasa yake yi. Ya juya bayan hoton ya nuna mini sunanta da aka rubuta a wurin, kalma biyu. "Ke ce mai boko. Wannan na biyun ba sunan gidansu ba ne? Suna ba ya rasa tushe. Ki kai wa mutanenki na Wusasa, sun yi zama da Turawa. Su gaya miki daga ina ya fito."

Haka na zama tsofaffin mata biyu ni kaɗai. Na kwafi sunan a takarda, harafi biyar, Bader, na ƙulle a bakin zane kamar kuɗin cefane. Ranar Laraba na fita ta ƙofa na hau tasi, ana yayyafi, dutsen Kufena duk hazo ya rufe kansa.

Malama ta yi murna da ganina ƙwarai. Ta dafa mini shayi, ta sa na karanta mata kalandar da ke bango don ta ga ko na manta. Da na kwance takardar sai ta ce, "Ai kin zo gidan da ya dace, Hajiya." Ta ƙwala wa mijinta kira. Dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin asibiti, an taɓa tura shi Jamus koyon na'urar hoton ƙashi, kowa a unguwar Likita yake ce masa. Ya fito da tabarau a goshi yana neman tabarau.

Ya duba takardar ya ce, "A'a, wannan ai sananne ne. Su da bakinsu kamar 'Bada' suke faɗa." Ya ɗauko wani ƙamus mai kauri, bangonsa ya rabu, ya buɗe yana lasar yatsa. "Kin ga, Hajiya, a harshensu wanka shi ne Bad. Har garuruwansu masu ruwan zafi na magani, da wannan kalmar sunansu yake farawa. To wanda yake riƙe da gidan wanka, shi ne Bader."

Na ce, "Gidan wanka kuma?"

"A zamanin da, ba kowane gida ne yake da wurin wanka ba. Gari yana da gida guda, a dafa ruwa, mutane su zo su biya su yi wanka. To mai gidan ba ruwa kaɗai yake dafawa ba. In ka fito jikinka ya yi laushi, shi zai yi maka aski. Shi zai yi maka ƙaho ya zuƙe mataccen jini. In haƙori yana damunka ya cire, in maruru ne ya tsaga."

Ban san lokacin da na ajiye kofin shayin ba. Na ce, "Likita, wanzami ke nan."

Ya buga cinyarsa yana dariya. "Wanzami sak! Ke kin fi ƙamus ɗin nan iya fassara. Har ma, kin san wani abu? A wasu garuruwan nasu, da can ana raina masu wannan sana'ar, ba a son haɗa zuri'a da su. Ashe ko'ina ɗan Adam ɗaya ne."

Shi yana jin daɗin iliminsa, ni kuwa na zuba wa takardar ido, shayina yana hucewa. Malama ce ta lura. Ta daka masa harara ta ce, "Kai dai in ka buɗe littafin nan ba ka ganin fuskar mutane." Sai ya sauke murya ya shiga yi mini bayani. Ya ce sunayen Jamusawa da yawa haka suke, wannan maƙeri, wancan masaƙi, wancan mai niƙa. An laƙaba wa wani kaka ne ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sunan ya bi 'ya'ya da jikoki, sana'ar kuwa ta tsaya a hanya. Ya ce mai yiwuwa a dangin yarinyar nan babu wanda ya taɓa riƙe aska tun kafin a haifi kakan kakanta.

Ya ɗauka sanyaya mini rai yake yi. Bai san ƙara mini nauyi ya yi ba. A wurinmu ai abin da ya daɗe shi ne asali. Jikan wanzami ko ya zama babban ma'aikaci a Kaduna, in aka zo maganar aure sai an ce gidan wanzamai ne. Wannan kuwa har sun ɗauki abin sun mai da shi suna, suna rubutawa a bayan hoto.

A tasi na dawo ina ta lissafin abin da zan ce. Da na shiga gida Malam ya tambaye ni, sai na ji bakina ya ce, "Mijin Malama yana kan dubawa." Shekara talatin da aure, ban taɓa yi masa irin wannan ba. Ya ce to, Allah ya sa a dace. Na shige ɗaki na zauna a bakin gado da mayafina a jiki.

Kwanakin da suka biyo baya ba na so in sake irinsu. In ina tankaɗe sai in tsinci kaina ina gwada magana. In ce masu magani ne? Ai ba ƙarya ba ne, suna cire haƙori. In ce masu gidan ruwa ne? In ce Likita bai samu sunan a littafi ba? Wannan ta fi sauƙi, ita ce kuma ƙarya tsagwaronta. Sai in tuna Malam ya yarda da ni ne ya aike ni, bai aiki kowa ya bi bayana ba. In na faɗi gaskiya kuma, ina ganin ɗan ƙanensa a idona, da yadda uwarsa take kuka a ɓoye duk ranar Salla. Jos ma ke nan, da ake zuwa a mota a yini ɗaya. Kowace safiya in duba kalanda in cire sati uku na tafiyar wasiƙa, in ga abin da ya rage yana ƙanƙancewa.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ni da bakin roƙo. Da ƙaninsa ne ko ƙanwarsa, da na zauna na yi ta magiya har Malam ya gaji. Amma uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a fili. Tun yana jariri in yana kuka a gaban mutane sai dai wata ta ɗauke shi, ni in kau da kai. Haka aka koya mana, haka na yi.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo, yayar Malam, ta zo daga Ƙofar Gayan. Ita ce ma'ajiyar asalin kowa a birnin nan. In ka faɗi sunan gida, za ta gaya maka wanda ya gina shi da wadda ya aura da dalilin da ya sa aka sake ta. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa ta ce, "Amarya," don har ta rasu haka take kirana, "an ce ɗanmu ya samo mana jar fata. An ce ke aka aika bincike. Wai ke! Ke da ko cinikin gishiri sai an cuce ki. To me kika samo?"

Na ce, "Ana kan dubawa, Gwaggo."

Ta ce, "A duba da kyau. Su waɗannan ba a san uban wani ba. In ba su da asali gara a sani tun yanzu."

Na ce a raina, Gwaggo, da ma ba su da shi.

Ranar Juma'a, kwana tara da zuwana Wusasa, wanzamin gidanmu ya zo da hantsi kamar yadda ya saba. Tsoho ne sa'an Malam, tun suna samari yake yi masa aski. Ina soron ciki ina tsince shinkafa, ina jin su a zaure.

"Malam, ɗaga haɓa. In ka motsa na aika ka lahira ba ka yi Juma'a ba, ba ruwana."

"Yi aikinka, tsohon banza. Askar nan taka ta fi haƙoranka dakushewa."

"Kan ne ya tsufa, ba aska ba. Da gashi nake aske maka, yanzu sai dai in bi in nemo."

Suka yi ta dariya. Ina jin ƙarar askar a kan fata yana wasa ta. Na ajiye faifan. Ban san me ya shige ni ba, amma na san in na bar wannan ranar ta wuce, ƙaryar zan yi.

Da wanzamin ya naɗe zabirarsa ya tafi, Malam ya shigo kansa yana ƙyalli, ya ce a kai masa ruwan wanka. Na durƙusa na ce, "Malam, aiken da ka yi mini, na daɗe da dawowa da shi."

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Kwana tara kina zuba gishiri sau biyu a miya. Faɗi."

Na faɗa masa duka, yadda Likita ya faɗa mini, ban rage ba ban ƙara ba. Gidan wankan, da askin, da ƙahon. Na ce, "Wanzamai ne, Malam. Wanzaman can ƙasar."

Ya nemi turmi ya zauna a kai, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya shafa kansa a hankali. Ya ce, "A can ma ana ƙin su?"

"An ce da can ana ƙi. Yanzu an ce ba mai tunawa."

"Kuma ba su canja sunan ba."

"Ba su canja ba."

Sai na ji muryata tana fita, ƙasa-ƙasa, kamar ta wata. Na ce, "Malam, tun da aka haifi yaron nan ban taɓa yi maka maganarsa ba, kai shaida ne. Yau zan yi, ka yafe mini. Mutumin nan da ya fita yanzu, shi ya cire masa beli yana ɗan kwana uku. Shi ya yi masa kaciya. Yanzun nan ka miƙa masa maƙogwaronka ka rufe ido. Ni ba ni da karatu, ban san hukunci ba. Tsoro kawai nake ji kada in mutu ban sake ganinsa ba."

Ban ɗaga kai ba. Ina kallon yatsun ƙafarsa ne, da guntun gashin da ya maƙale a bakin wandonsa.

Can ya ce, "Wannan abin ba a littafi yake ba. Tarar da shi muka yi." Ya gyara zama a kan turmin. "Ban ce na yarda ba, ki ji da kyau. Ki rubuta masa kada ya karɓi aikin nan. Ya nemi izinin ubanta, ya zo da ita in gan ta da idona."

Na ce, "Gwaggo fa?"

"Yayar tawa ta iya Jamusanci ne?"

"A'a."

"To in ta tambaye ki, ki ce ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ƙarya ne?"

"Gaskiya ne."

"In tana son ƙari, ga hanyar Wusasa nan, ba a rufe ta ba." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ruwan wankan fa? Ko shi ma sai na aika Jamus a dafa mini?"

Na tashi na nufi murhu ina dariya ina share hawaye da bakin zane. Da la'asar na rubuta wasiƙar, sai da na ɓata takarda uku, aka kai gidan waya.

Sun zo bayan an yi girbi. An ɗaura aure a zauren nan namu. Gwaggo ta yi wata guda tana kallon yarinyar ta wutsiyar ido, daga baya ta zama ba ta shan maganin hawan jini sai daga hannunta. Har ta koma ga Allah ba ta je Wusasa ba. Surukata kuwa sai da ta yi 'ya'ya biyu na ba ta labarin nan. Ta riƙe baki ta ce ita ta san sunan yana da alaƙa da wanka, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama ta yi tunaninsa ba. Abin da ya hana ni barci kwana tara, ita a takardar makaranta kawai take rubuta shi.

In na tuna yanzu, ba na jin na yi wata bajinta. Ba mu gyara al'ada ba, ni da Malam, kewaye ta muka yi, don nisa ya rufa mana asiri. Ɗan ƙanensa bai samu wannan sauƙin ba, domin nasa surukin a cikin gari yake, kowa ya san zabirarsa. Sai da aka ƙara shekaru kafin aka shirya, kuma shekarun nan ba wanda ya mayar wa uwarsa. Wannan yana damuna har yau. Abin da na riƙe kawai shi ne, saura kaɗan in yi wa mijina ƙarya saboda na riga na yanke masa hukunci a raina, ban ba shi damar ya ji da kunnensa ba.

Amma duk wannan daga baya ne. A waccan Juma'ar ban san yadda za ta ƙare ba, abin da ke hannuna kawai shi ne "ya zo da ita". Washegari da na idar da sallar asuba gari ya yi haske, na ɗauki tsintsiya na buɗe ɗakin yaron. Tun da ya tafi muka mai da shi wurin ajiyar masara. Na ɗaure zane na kama buhu na farko ina ja, yana ƙin tafiya. Malam ya zo wucewa zai fita zaure, ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Na ce miki ban yarda ba tukuna."

Na ce, "Na ji, Malam. Shara kawai nake yi."

Ya tsaya yana kallona ina fama. Sai ya ajiye carbinsa a kan taga, ya naɗe hannun riga, ya kama ɗaya kunnen buhun.